Tintin: Ɗigo biyun da suka gagari dala miliyan 135

Fim ɗin Tintin na Steven Spielberg yana buɗewa ne a wata kasuwar tsofaffin kaya, inda ake baje agogon da ya daina bugawa kusa da tarin madubai da fitilar da ba ta da gilashi. A gefen kasuwar wani dattijo mai zane na zaune yana zana hoton wani saurayi da ya ba mu baya. Da ya kammala sai ya juyo da takardar. Kai ne zagaye kamar ƙwai, ɗigo biyu a mazaunin idanu, ɗan hanci kamar an ɗiga, sai tukku a goshi da ya miƙe ya ƙi kwanciya. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin Tintin ya san fuskar nan ko daga barci aka tashe shi. Sannan ga fuskar saurayin kansa: ƙwayar ido mai ƙyalli, gashin gira ɗaya bayan ɗaya, kumatu da ɗan ja-ja, fata har da ramukan gumi.

Dattijon nan an ƙera shi ne da kamannin Hergé, mutumin da ya ƙirƙiro Tintin, wanda ya rasu shekara 28 kafin fim ɗin ya fito. Wato tun daga farawa Steven Spielberg ya ajiye fuskokin biyu gefe da gefe, ta takarda da ta kwamfuta, kamar mai cewa ga abin da kuka sani, ga wanda na kawo, a yi haƙuri. Akwai wayo a ciki, akwai ladabi. Sai dai a ganina a nan ɗin ne ya nuna da hannunsa abin da zai gagare shi.

Ga wanda bai san shi ba, Tintin ɗan jarida ne ɗan ƙasar Beljiyam da bai taɓa rayuwa ba sai a takarda. Ya fara bayyana ranar 10 ga Janairun 1929 a Le Petit Vingtième, shafin yara na wata jaridar 'yan Katolika da ke Brussels. Mai zanen, Georges Remi, yana da shekara 21 a lokacin. Ya ɗauki harufan farko na sunansa ya juya su, R da G, waɗanda a bakin Bafaranshe suke fita "Hergé". Daga nan zuwa rasuwarsa a watan Maris na 1983 ya kammala littattafai 23, ya bar na 24 a zanen fensir. An sayar da kwafi sama da miliyan 200, an fassara su zuwa harsuna fiye da 70. A ƙasashen da ake karatu da Faransanci, har da Nijar da Chadi da Kamaru, wanda ya saba shiga ɗakin karatu yana yaro da wuya a ce bai ci karo da yaron nan da farin karensa Milou ba. Masu karatun Ingilishi Snowy suke kiran karen.

Ɗan jarida ne, amma irin wanda edita zai yi kuka da shi, don a duk littattafan nan da kyar za ka gan shi sau ɗaya ya zauna yana rubuta rahoto. Ba uwa ba uba a labarin, ba budurwa, shekarunsa ma ba a faɗa ba. Aikinsa bin sawun 'yan fasa-ƙwauri da 'yan leƙen asiri, daga ƙasar Sin zuwa Kudancin Amurka, har duniyar wata, wadda ya taka a littafin da ya fito a 1954, shekara 15 kafin Neil Armstrong.

Yadda Hergé yake zane shi ne tushen maganar. Layinsa kauri ɗaya ne, ba ya yin inuwa da karce-karce, launi kuwa a shimfiɗe yake sumul kamar an shafa fenti a bango. A 1977 wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Joost Swarte, ya raɗa wa salon sunan da ya bi shi har yau, ligne claire da Faransanci, wato tsabtataccen layi. Mota a littafin Tintin mota ce ta gaske da za ka iya faɗin kamfanin da ya ƙera ta, haka jirgin sama, haka bindiga, haka rubutun da ke jikin bango. Wannan ƙwaƙƙwafi ya samo asali ne daga 1934, lokacin da ya haɗu da wani ɗalibi Basine mai suna Zhang Chongren, wanda ya nuna masa cewa abin da Turawa ke zanawa da sunan ƙasar Sin shirme ne. Tun daga littafin Le Lotus bleu Hergé ya koma tara hotuna da yankan jaridu kafin ya ɗora alƙalami a takarda. Amma a tsakiyar wannan duniya da aka zana dalla-dalla, fuskar jarumin fanko ce. Ɗigo biyu kawai. Mai karatu ne ke zuba mata tsoro, ko mamaki, ko fushi, daga nasa cikin.

Abin ya yi kama da tatsuniya a bakin kaka. Yara goma na zaune a tabarma ɗaya, kowa da nasa Gizon a ka, kuma babu wanda zai yarda na wani ya fi nasa zama daidai. Ranar da aka ce ga hoton Gizo na ainihi, ranar ce tara daga cikinsu za su ce ba shi ba ne.

Akwai kuma maganar lokaci. Shafin labarin zane gida-gida yake, kamar gidan dara. A gida na farko mutum ya ɗaga ƙafa, a na biyu yana kwance a ƙasa taurari na zagaya kansa. Faɗuwar kanta ba a zana ta ba, a ɗan farin filin da ke tsakanin gidajen biyu ta faru, cikin kan mai karatu. Shi ke da ikon gudu, shi ke da ikon tsayawa ya ƙare wa gida ɗaya kallo na minti biyar. Fim kuwa hoto 24 yake turo maka a daƙiƙa guda, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

An sha gwadawa kafin Spielberg

Tun 1947 aka fara. Wata mata mai suna Claude Misonne ta yi fim ɗin Le Crabe aux pinces d'or, wato Ƙaguwa Mai Ƙafafun Zinariya, da 'yan tsana da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Ba a kai ga haska shi yadda ya kamata ba furodusan ya karye, ya gudu Ajantina, aka ƙwace fim ɗin. A 1948 Hergé da kansa ya rubuta wa Walt Disney wasiƙa yana tallata masa Tintin, ba a ɗauka ba. Kamfanin Belvision na Brussels ya yi katun na talabijin daga ƙarshen shekarun 1950, yana sauya labari yadda ya ga dama, sannan ya yi finafinan sinima biyu a 1969 da 1972. An ma gwada da mutane na gaske a 1961 da 1964, inda wani matashi, Jean-Pierre Talbot, ya fito a Tintin da tukkunsa. Wanda masoya suka fi aminta da shi shi ne jerin katun mai kashi 39 da kamfanonin Ellipse na Faransa da Nelvana na Kanada suka yi a 1991 da 1992, domin ya bi littafin sau da ƙafa. Amma bin sau da ƙafar nan ita ce iyakarsa. Littafi ne aka sa wa motsi da murya, ba ka fita da wani abin da ba ka shigo da shi ba.

Spielberg bai tashi da Tintin ba, kamar yawancin Amurkawa. A 1981, bayan fitowar Raiders of the Lost Ark, fim ɗin farko na Indiana Jones, ya ga wani sharhi da Faransanci da sunan Tintin ke ta maimaituwa a ciki. Ya sa aka nemo masa littattafan. Ba ya jin yaren, amma ya bi labarin da hotuna kaɗai har ƙarshe, abin da ya isa shaida kan gwanintar Hergé. An ruwaito cewa shi ma Hergé yana ganin in akwai wanda zai iya wa Tintin a fim, to Spielberg ne. Aka shirya su haɗu a 1983, sai ajali ya riga. Matar Hergé, Fanny, ta ba da izini daga baya, aka sa Melissa Mathison, marubuciyar fim ɗin E.T., ta yi rubutun farko, inda Tintin ke artabu da masu farautar hauren giwa a Afirka. Bai gamsar ba. Izinin ya ƙare, magana ta kwanta shekara da shekaru, sai a 2002 kamfanin DreamWorks ya sake karɓowa.

Niyyar Spielberg ta farko ita ce ya yi da mutane na gaske, kare kaɗai za a haɗa da kwamfuta. Sai ya nemi kamfanin Weta Digital na Peter Jackson, can birnin Wellington na New Zealand, ya yi masa gwajin karen. Da gwajin ya iso sai ga Jackson da kansa sanye da gemu da hular Kyaftin Haddock, aminin Tintin a littattafan, yana tangaɗi da kwalba, karen kwamfuta na tsalle a bayansa. Jackson tun yana yaro yake karanta Tintin. Shi ya shawo kan Spielberg cewa in aka liƙa wa mutum hancin roba da tukkun ƙarya abin dariya zai zama, gara a bi hanyar naɗar motsi.

Ga yadda take. Ana shigar da 'yan wasa wani ƙaton ɗaki da babu komai sai layuka a ƙasa da kyamarori birjik a jikin rufi. Kowa na sanye da matsattsun kaya masu ɗige-ɗige, a kansa kwano mai ɗan ƙarfe da ke riƙe da ƙaramar kyamara tana kallon fuskarsa, fuskar ma an yi mata ɗige-ɗige. Babu jirgin ruwa, babu hamada, babu kasuwa. Tebur da ƙofa da kwale-kwale duk na waya ne da ƙarfe, don kada su tare wa kyamarorin gani. Karen ma ɗan mutum-mutumi ne ake jansa a ƙasa domin 'yan wasa su san inda za su kalla. Kwamfuta na naɗe motsin kowane ɗigo, tana ɗora shi nan take a kan hoton Tintin ko Haddock. Spielberg kuwa yana yawo a tsakaninsu riƙe da wani ɗan allo mai maɓallai kamar na wasan gem, yana ganin duniyar katun ɗin a ciki, ya matso, ya ja baya, ya tashi sama, ba tare da ya jira rana ko ya shimfiɗa dogo ba. An fara wannan ɗauka a Los Angeles a ƙarshen Janairun 2009, aka gama cikin kwana 32. Sauran aikin, wato mayar da ɗige-ɗigen nan mutane masu fata da tufafi da inuwa, ya ci wa ma'aikatan Weta kusan shekara biyu. Karen kam ba ruwansa da naɗar motsi, masu zane ne suka motsa shi da hannu a kwamfuta, kuma ba mamaki shi ya sa ya fi kowa rai a fim ɗin.

Littafi uku a tukunya ɗaya

Marubuta uku 'yan Birtaniya suka yi rubutun: Steven Moffat ya fara, ya bari ya koma shirin Doctor Who, Edgar Wright da Joe Cornish suka ƙarasa. Littattafai uku suka haɗa: na ƙaguwar da aka ambata, na 1941, da Le Secret de la Licorne, wato Sirrin Jirgin Licorne, na 1943, da ɗan ƙarshen Le Trésor de Rackham le Rouge, wato Taskar Rackham Ja, na 1944.

Dubi shekarun nan da kyau. Duka ukun an zana su ne lokacin da sojojin Hitler ke mamaye da Beljiyam, kuma a jaridar Le Soir aka buga su, wadda ke ƙarƙashin ikon Jamusawa. Hergé, wanda a baya ya soki mamayar da Japan ta yi wa Sin a fili, sai ya kama bakinsa ya koma labarin 'yan fashin teku da ɓoyayyiyar dukiya. Bayan 'yantar da Brussels a 1944 an kama shi an yi masa tambayoyi, an hana shi aikin jarida na ɗan lokaci, ko da yake ba a yanke masa hukunci ba. To wannan gudun siyasa da tsoro ya haifar, shi ne bayan shekara kusan 70 ya sa labaran suka dace da Hollywood, wadda ita ma ba ta son abin da zai ɓata wa wata kasuwa rai.

Dalilin haɗin a fili yake. A littafin Licorne, Tintin da Haddock sun riga sun zama aminai, don kyautar Haddock ɗin ma Tintin ya sayi ɗan jirgin katako a kasuwa. Amma mai kallo a Amurka bai san ko ɗayansu ba, dole a nuna masa haɗuwarsu, ita kuwa a littafin ƙaguwa take, cikin jirgin dakon kaya Karaboudjan, inda Tintin ya tarar da kyaftin a kulle a ɗakinsa, mataimakinsa na ɗura masa wuski don ya ƙwace jirgin. Sai aka ɗinke biyun. A wajen ɗinkin abubuwa da dama sun zube. Ƙwayar ofiyom da ake ɓoyewa a gwangwanin ƙaguwa ta ɓace. 'Yan'uwa biyu dillalan kayan tarihi, waɗanda su ne miyagun littafin, an sallame su. Farfesa Tournesol, kurman masanin nan da ya ƙera jirgin nutso mai siffar kifin shak, ko leƙowa bai yi ba, haka doguwar tafiyar neman taska a teku.

Wanda aka fi zalunta shi ne Sakharine. A littafi bawan Allah ne mai sha'awar tara ƙananan jiragen katako, har shi ma aka yi wa sata. A fim aka ɗora masa rigar bos, aka ba shi shaho da sanda mai takobi a ciki, aka ce jikan ɗan fashin teku Rackham Ja ne da ke neman fansar kakansa a kan zuriyar Haddock. Daniel Craig ya yi muryar, kuma ya iya. Amma wannan gaba ta gado ba ta Hergé ba ce, ta Hollywood ce, inda dole jarumi da bos su kasance da tsohuwar jiƙaƙƙiya, kuma dole su gwabza a ƙarshe. Shi ya sa fim ɗin ya ƙare da mutum biyu suna sara da suka da manyan injinan ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, hayaniyar da ta fi kama da rushe gini. A littafi kuwa yadda asirin ya warware abin dariya ne: wani tsoho mai ladabi, ɗan sane ne da ke tara walat-walat ɗin mutane yana jera su bisa harufa, a cikin tarinsa takardun da ke nuna inda taskar take suka fito. An bar tsohon a fim, amma an rage masa nauyi.

Inda Spielberg ya yi abin a yaba shi ne inda ya saki littafin ya nemi hanyarsa. Ɗauki wurin da Haddock ke ba da labarin kakansa. A littafi yana cikin falonsa ne, ya kafa hular kakan, ya zare takobi, yana kurɓa yana ba da labari, Hergé kuma yana musanya gida da gida: nan jika a falo, nan kaka a kan jirgi, tsayuwa iri ɗaya, gemu iri ɗaya. Dabara ce da shafi kaɗai ke iya ta, don idonka na ganin zamani biyu a lokaci guda. Fim ba shi da shafi. Sai Spielberg ya kai Haddock tsakiyar Sahara, ƙishi ya kama shi, giya ta sake shi karon farko, yana duban tudun rairayi sai tudun ya tsage ya zama igiyar ruwa, jirgin Licorne ya faso da filafilansa. Ba abin da Hergé ya zana ba ne, amma abin da Hergé yake nufi ne. Irin wannan sauyi ya cika fim ɗin: kwale-kwale a tsakiyar teku ya koma ɗan abu a kududdufin titi har wani ya taka, musafahar hannu biyu ta zama tudun hamada da raƙuma a kai. Ya nemo abin da zai tsaya a madadin farin filin nan na tsakanin gida da gida, kuma ya samu.

Sai tseren garin Bagghar, wani garin bakin teku na ƙirƙira a Maroko. Sama da minti biyu kyamara ba ta yanke ba. Haddock ya harba roka ta baya ya fasa madatsar ruwa, ruwa ya biyo gari, babur mai kwando a gefe na tarwatsewa gunduwa-gunduwa, tankar yaƙi ta jawo otal sukutum, shaho na gaba da takardu uku a baki, kowa na bin kowa, har Tintin ya ƙare yana zamiya a kan waya riƙe da abin da ya rage na babur. Babu kyamarar duniya da za ta iya ɗaukar wannan. Kana kallo ka san dattijon da ya shekara 40 yana fama da nauyin kyamara ne aka kwance masa mari. Ko wanda ya ƙi fim ɗin yana sara wa wurin nan. Illarsa ɗaya: bayan an gama, ba a ba ka sararin numfashi. Hergé yakan ba da shafi guda cur ga mutum yana faɗa da abin da bai kai ya kawo ba, kuma a irin wuraren nan ne ake sabawa da mutanensa. Fim ɗin ba ya zama, kullum a guje yake kamar an biyo shi.

Haddock ya ci riba. Andy Serkis, wanda ya yi Gollum da King Kong ta wannan hanya, ya ba shi karin harshen Sikotlan da idanun mutumin da ke jin kunyar kansa. Fuskar Haddock dama cike take tun a takarda, ga ƙaton hanci, ga gemu, ga jijiyar wuya in ya fara zagin nan nasa da kalmomin da ba zagi ba ne, don haka kwamfuta ta sami abin kamawa. Abin da ban yafe ba shi ne wa'azin da aka sa a bakinsa kan kada mutum ya yarda da faɗuwa. Haddock na littafi bai taɓa yi wa kowa nasiha irin ta masu taron ƙarfafa gwiwa ba.

Tintin kuwa ya yi asara, kuma ba laifin Jamie Bell ba ne, wanda ya yi iya yinsa. Tun 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa abin da aka ƙera yana burge mutane gwargwadon yadda ya yi kama da su, har sai ya kusa zama mutum sak amma bai kai ba, a nan sai tsikar jiki ta tashi. Wannan rami ne ya haɗiye The Polar Express na 2004, inda yara suka fito da idanu kamar na gawa. Ma'aikatan Weta sun fi su iyawa nesa ba kusa ba, kuma sun yi dabarar barin manyan hantuna da kawuna irin na katun. Amma Tintin ba shi da hancin da za a ɓuya a bayansa. Dole aka ƙirƙira masa fuska, da aka ƙirƙira kuwa sai ya zama wani yaro takamaimai, mai tsabta, mai yawan magana da kansa don mu san abin da yake tunani. A Birtaniya marubuta irin su Tom McCarthy, wanda ya rubuta littafi guda kan Tintin, da Nicholas Lezard sun yi wa fim ɗin kaca-kaca a jaridar Guardian. Sun wuce gona da iri a ganina, amma ciwon da suke nunawa na gaske ne.

Akwai wani abin da ɗan Afirka ba zai kalli fim ɗin ya tsallake ba. Mutanen Bagghar ado ne kawai, masu rawani da jallabiya da ke tsalle suna kauce wa babur. Attajirin garin, Omar Ben Salaad, wanda a littafi shi ne uban masu safarar ƙwaya, an wanke shi ya zama mai son waƙar Turawa, aka ba ɗan wasan barkwanci haifaffen Kasabalanka, Gad Elmaleh, ya yi shi. Gyara ne, amma na kauce wa rigima. Rigimar kuwa tana nan a littafi na biyu, Tintin au Congo, na 1930 zuwa 1931, inda aka zana 'yan Kwango da manyan leɓɓa da hankalin yara, Tintin na koya musu a aji cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A bugun 1946 Hergé ya mayar da darasin na lissafi, daga baya kuma ya amsa cewa da tunanin mutanen zamaninsa ya zana shi. Wani ɗan Kwango, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara a Brussels a 2007 yana neman a hana sayar da littafin. Kotu ta yi watsi da ƙarar a Fabrairun 2012, lokacin fim ɗin bai daɗe da barin sinimomi ba. Da rubutun farko na hauren giwa aka ɗauka, da Spielberg ya taka wannan ƙaya da ƙafarsa.

Ta fuskar kuɗi kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ba a yi rawa ba. Kamfanin Universal ya janye daga ɗaukar nauyin fim ɗin a 2008, Sony ta shigo ta haɗa hannu da Paramount. An kashe kimanin dala miliyan 135, aka samu kusan miliyan 374. Sai dai abin da aka samu a Amurka bai wuce kusan miliyan 77 ba, kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Masu fim ɗin sun san haka za ta iya faruwa, shi ya sa suka fara da Brussels da sauran Turai a watan Oktoban 2011, Amurka sai 21 ga Disamba. Ya ci kyautar Golden Globe ta fim ɗin katun, amma a Oscar ko jerin 'yan takarar wannan rukuni bai shiga ba, kiɗan John Williams kaɗai aka ambata. Dama tun 2010 hukumar Oscar ta rubuta a dokokinta cewa naɗar motsi ita kaɗai ba ta zama aikin katun ba. Masu zane na ganin 'yan wasa ne suka yi aikin, 'yan wasa na ganin kwamfuta ce, fim ɗin ya zama jemage.

Faransawa sun bi wata hanyar da nasu gwarzon, Astérix. A 2014 Alexandre Astier da Louis Clichy suka yi Le Domaine des dieux da kwamfuta, amma ba su nemi fata da gashi irin na mutane ba, suka bar kowa a siffarsa ta katun, mai taushi kamar an murza shi da yumɓu. Ba a yi ta cacar baki kan idanu ba. Sai dai Astérix dama ɗan barkwanci ne mai ƙaton hanci, nauyinsa bai kai na yaron da fuskarsa ɗigo biyu ce ba.

An tsara tun farko cewa Spielberg zai ba da umarnin na ɗaya, Jackson ya yi na biyu. Fim ɗin ma a buɗe ya ƙare, da taswirar sauran dukiyar a hannun Tintin. Jackson ya shiga finafinan The Hobbit guda uku, daga nan ya koma finafinan tarihi. Lokaci-lokaci ɗayansu yakan ce maganar tana nan, sannan shiru kake ji. Sabon littafi kuwa babu shi, don Hergé ya bar wasiyyar kada wani ya ci gaba da zana Tintin bayansa, kuma magadansa sun riƙe ta.

Hukuncina shi ne fim ne mai kyau na Spielberg, Haddock ne mai kyau, Tintin ne na aro. Wanda bai kalla ba ya kalla, musamman da yara, zai more. Amma in da hali a fara nemo musu Le Secret de la Licorne, shafi 62 ne kacal, akwai shi da Faransanci da Ingilishi da Larabci, su karanta tukuna kafin kwamfuta ta faɗa musu launin idon Tintin.